Ƙuri'ar da Ke Salwanta Tun Kafin Ranar Zaɓe

Shirin namu na yau zai tsaya ne a kan mutumin unguwa, wanda ba ɗan takara ba ne, ba wakilin jam'iyya ba ne, bai kuma taɓa riƙe lasifika a wajen kamfen ba, amma yana so ranar zaɓen ƙasa ya je ya dangwala wa wanda hankalinsa ya kwanta da shi, ya kuma tabbata an ƙirga ƙuri'arsa.

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, kuma miliyan 87.2 daga cikinsu sun karɓi katinsu. Da aka gama tattara sakamako, ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. Wato a cikin kowane mutum huɗu masu rajista, kusan ɗaya ne kawai ya fita. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba. Bola Ahmed Tinubu ya lashe da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar na biye da miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.10, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Waɗanda suka zauna a gida da kati a aljihu sun ninka ƙuri'un mutanen nan huɗu fiye da sau biyu.

Kowa na iya tuna halin da ake ciki a lokacin. An sauya fasalin naira, takardun kuɗi sun yi ɓatan dabo, mutane na kwana a layin banki, man fetur ya yi wuya, wasu yankunan kuma tsoron 'yan bindiga ya hana fita. Akwai waɗanda suka yi fushi da 'yan siyasa suka ce sun daina wahalar da kansu. Akwai sunayen mamata da ba a goge ba. Amma akwai wani rukuni mai yawa da ba a cika maganarsa ba: mutanen da suka yi niyya tsakani da Allah, suka tashi da sassafe, sai wani ƙaramin abu da ya kamata a gyara tun watannin baya ya tare musu hanya. Katin yana ƙauye, shi yana birni. An mayar da sunanta wata rumfa ba ta sani ba. Ya dangwala, tawadar ta ɓata gida biyu. Irin wannan asarar ta fi ciwo, domin ba wanda ya ƙwace ƙuri'ar, a hannun mai ita ta lalace.

Sharaɗin farko shi ne rajista. Duk ɗan Najeriya da ya cika shekara 18 yana da damar yin ta, kuma doka ta ba shi zaɓi: ya yi a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsu na asali. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, suna zaton sai ɗan asalin jiha ne ke da ikon zaɓe a cikinta. Ba haka ba ne. Bahaushen da ke sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 a Legas, ko mai canji a Sabo ta Ibadan, ko mahaucin da ke Ama Hausa a Owerri, yana da ikon yin rajista a can ya kuma zaɓi shugaban ƙasa da gwamna da ɗan majalisar wurin, kamar yadda Ba'ibon Sabon Garin Kano ko Bayaraben Tudun Wadar Kaduna ke da wannan ikon a inda suke. Ba a tambayar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma a layin zaɓe.

Sai dai inda mutum ya yi rajista, nan kaɗai zai yi zaɓe. Ba jihar kawai ba, ba ƙaramar hukumar ba, rumfar da aka rubuta a jikin katin. Wanda ya ɗauko katinsa ya duba zai ga wasu lambobi kashi huɗu a jere. Na farko lambar jiha ce: Jigawa 17, Kaduna 18, Kano 19, Katsina 20. Na biyu ƙaramar hukuma, na uku mazaɓa, na huɗu kuma akwatin da sunansa yake. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809, kuma a cikin rumfuna fiye da dubu 176 guda ɗaya tak ce ta san da zaman mai wannan katin.

Wannan ƙa'ida ta fi taɓa mutanen Arewa, saboda babban zaɓe yakan faɗo ne da rani, lokacin da 'yan ci-rani suka watsu. Matashin da ya yi rajista a ƙauyensu da damina, a watan Fabrairu yana tura baro a Abuja ko yana acaba a Legas. Yarinyar da ta yi rajista a gidan iyayenta a Gumel an kai ta ɗakin miji a Zariya. Ma'aikaci an yi masa canjin wurin aiki, ɗalibi ya gama makaranta ya koma gida. Duk waɗannan ba sabuwar rajista za su yi ba, sauya rumfa za su nema. Ana zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukumar da mutum yake zaune yanzu, ko a fara cike buƙatar a shafin hukumar na intanet, a nemi a dawo da sunan kusa da gida. Kyauta ake yi. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 da ita, ta ce a rufe rajista da sauyin rumfa da neman madadin katin da ya ɓata aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a aikace hukumar kan rufe tun kafin haka: rajistar da aka buɗe a watan Yunin 2021 an rufe ta ranar 31 ga Yulin 2022, kusan wata bakwai kafin a kaɗa ƙuri'a. Majalisa kan yi wa dokar gyaran fuska daga zaɓe zuwa zaɓe, saboda haka jadawalin da hukumar ke fitarwa shi ne abin kasa kunne a kai. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne sake rajista. Mutum ya ɓatar da katinsa, ko ya ga layin masu rajista ya yi zaton tsohon katin ya daina aiki, sai ya shiga ya sake bayar da yatsu. Katin zaɓe na dindindin ba ya ƙarewa. A rajistar 2021 zuwa 2022 mutum miliyan 12.29 ne suka kammala, amma da aka tace da kwamfuta sai da aka zubar da fiye da miliyan 2.7, galibinsu saboda sun yi sau biyu. Mutane ne da suka sha rana a layi, wasu suka bar sana'arsu kwana da kwanaki, aikin ya tashi a banza, ga shi kuma doka ta ɗauki yin rajista sau biyu a matsayin laifi.

Bayan an rufe rajista, hukumar kan liƙa sunayen masu zaɓe a cibiyoyin mazaɓu na wasu kwanaki domin jama'a su duba. A 2022 an yi wannan a watan Nuwamba. Mutane ƙalilan ne ke zuwa, alhali nan ne ake gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, a nuna wanda ya rasu, a ƙalubalanci sunan yaron da kowa a unguwa ya san bai kai shekara 18 ba. Ma'aikacin da ke Abuja ba zai san Malam wane ya cika bara ba, amma maƙwabcinsa da ya bi gawar har maƙabarta ya sani. Duk sunan mamacin da aka bari a rajista ƙofa ce da aka bar wa mai son maguɗi.

Karɓar katin ma aiki ne mai zaman kansa. Ba a aike: miji ba ya karɓar wa matarsa, mai unguwa ba ya karɓar wa talakawansa. A 2023 sau biyu ana ƙara wa'adi kafin a rufe ranar 5 ga Fabrairu, duk da haka kati fiye da miliyan shida suka kwana a ofisoshin hukumar. Idan kuma ya zo hannu, a adana shi. Akan sami masu zagayawa gida-gida suna karɓar katunan mata ko suna rubuta lambobinsu da sunan za a kawo tallafi ko bashi. Katin ba zai yi wa wani amfani a rumfa ba tunda sai an ga mai shi, amma wanda ya raba mace da katinta ya rage ƙuri'a ɗaya a akwatin da yake tsoron zai faɗi, kuma abin da yake nema ke nan. Dokar 2022 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira dubu 500 ko ɗaurin shekara biyu ga mai saye da mai sayar da katin zaɓe.

Akwai kuma batun sanin ita kanta rumfar. Tun 1996 rumfunan zaɓe ba su ƙaru ba, sai a 2021 da INEC ta ƙirƙiri sababbi 56,872, adadin ya tashi daga 119,974 zuwa 176,846. An kuma fitar da wasu daga gidajen mutane da fadar sarakuna da wuraren ibada aka mayar da su makarantu da filayen jama'a. Manufar mai kyau ce, a rage cunkoso, amma an mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna, kuma da yawansu ba su ji labari ba sai ranar zaɓen, bayan sun yi awa biyu a layin da suka saba. Ga dokar hana zirga-zirgar ababen hawa a ranar, babu mai adaidaita sahu balle mai acaba. Maganin wannan ba shi da wuya. Mako ɗaya ko biyu kafin zaɓe mutum ya duba sunansa a shafin hukumar, ko ya sa wani yaro mai waya ya duba masa, sannan ya taka da ƙafarsa ya ga wurin.

Wanda kuma ya zaɓi ya bar rajistarsa a garinsu, ya yi tanadin kuɗin mota da ɗan guzuri fiye da na kwana biyu. A 2019, cikin daren da za a wayi gari a yi zaɓe ranar 16 ga Fabrairu, hukumar ta ɗage shi da mako guda. Mutane sun riga sun rufe shaguna sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, da yawa ba su iya jira ba, ba su kuma iya komowa ba. A 2015 ma an ɗage da mako shida, a 2023 aka ɗage na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare, ko a zangon Kumasi suke ko a Makka, a duk waɗannan zaɓuɓɓuka sai wanda ya dawo gida ne ya samu yin zaɓe.

To, a ce kati ya samu, an san rumfa. Wa za a zaɓa?

Ranar zaɓen ƙasa takarda uku ake miƙa wa mutum: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Kujerun majalisar dattawa 109 ne, na wakilai 360. Hankalin jama'a kan tafi kacokan kan shugaban ƙasa, har mutum ya shiga rumfa bai san sunan masu neman wakiltar mazaɓarsa ba, sai ya yi sak, ya dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Yin sak haƙƙinsa ne idan ya yi shi da sani. Abin takaici shi ne a yi shi da ka, domin waɗannan 'yan majalisa su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da ƙasa ke ci, su ke yin dokar haraji da ita kanta dokar zaɓen, kuma su ne mutumin unguwa zai iya tararwa a wajen ɗaurin aure ko jana'iza ya yi musu tambaya ido da ido. Wanda ke neman komawa kujerarsa yana da tarihin shekara huɗu da za a auna shi da shi: ƙudurin da ya kawo, aikin mazaɓar da aka sa a kasafi da sunansa, da ko aikin yana nan a ƙasa. Hukumar zaɓe kan liƙa takardun 'yan takara a ofisoshinta tun watanni kafin zaɓe, da shekarunsu da makarantun da suka ce sun yi, kowa na iya zuwa ya karanta.

A jikin takardar ƙuri'a babu hoton ɗan takara, babu sunansa. Tambarin jam'iyya ne da harufanta. A 2019 mutum 73 suka nemi shugabancin ƙasa, takardar ta yi tsawo har ana rasa yadda za a naɗe ta, ƙuri'a kusan miliyan 1.3 suka lalace. A 2023 jam'iyyu 18 ne kawai, amma duk da haka an zubar da fiye da dubu 900. 'Yan siyasa kuma suna sauya sheƙa, wanda aka sani da lema bara yana iya kasancewa da tsintsiya bana, jam'iyyu ma kan sauya tambari. Ya kamata kowane magidanci ya zaunar da iyalinsa da tsofaffin gidan ya nuna musu samfurin takardar, ba don ya zaɓa musu ba, don kowa ya gane gidan da yake nufi.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa da ƙarfe takwas da rabi na safe, a rufe layi da ƙarfe biyu da rabi na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe ko da dare zai yi. Malaman zaɓe kan makara a wurare da yawa, don haka a tafi da ruwan sha da ɗan abin taɓawa, mai shan magani ya tafi da maganinsa. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman ana ba su gaba. Makaho na da ikon zuwa da wanda ya yarda da shi ya taimaka masa. Doka ta kuma umarci shugaban rumfa ya raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba, saboda haka maigidan da ke hana matansa fita don gudun turereniya da maza ba shi da wannan hujjar. Ba tufafi mai hoton ɗan takara, ba hular jam'iyya, ba kamfen a tazarar mita 300 daga rumfa.

Idan layi ya zo kan mutum, malamin zaɓe zai karɓi katinsa ya duba da na'urar BVAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar na'urar karanta kati da aka fara aiki da ita a 2015. Na'urar kan tantance da zanen yatsa, idan ya ƙi sai ta ɗauki fuska. A da, idan na'ura ta ƙi mutum akan cike wata takarda a bar shi ya wuce, kuma ta wannan kafa aka sha yin aringizo. An toshe ta: wanda na'ura ba ta gane shi ta yatsa ko ta fuska ba, ba zai karɓi takarda ba. Manomi da maƙeri da mai wanki, waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu, fuska ce ke cetonsu. Mata kuwa gara su dakata da ƙunshi sai bayan zaɓe, domin lalle mai kauri, musamman baƙi, kan hana na'ura karanta yatsa. Mai niƙabi za ta ɗaga shi na ɗan lokaci a ɗauki fuskarta. Daga nan a duba sunan a rajista, a shafa tawada a gefen farce.

Nan ne ake so mai zaɓe ya buɗe ido sosai. Kafin shugaban rumfa ya miƙa takarda, sai ya buga hatimi a bayanta, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Mutum ya juya takardarsa ya gani da idonsa. Kanawa sun san nauyin wannan. A watan Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare wa Gwamna Abba Kabir Yusuf ƙuri'a fiye da dubu 165 saboda an ce babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, ta kuma ce abokin hamayyarsa ne ya ci. Jihar ta yi watanni cikin zaman ɗar-ɗar, sai a ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar masa da kujerarsa. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan shari'a, abin da aka yi ta jayayya a kai abu ne da mai zaɓe zai iya dubawa cikin ƙiftawar ido.

A cikin ɗan ɗakin sirri ba a shiga da waya. Mutum ya taɓa tawada kaɗan, kada ya tsoma yatsan har ya jiƙe, ya dangwala sau ɗaya a cikin gidan da ke gefen tambarin da yake so, kada ya hau layin da ya raba gida biyu. Ya ɗan dakata tawadar ta sha iska, sannan ya naɗe takardar a tsaye, yadda ko ta taɓa wani wuri ba za ta sauka a gidan wata jam'iyya ba. Akwati uku ne, kowanne da rubutunsa da launin murfinsa, a jefa kowace takarda a nata.

Wannan sirri ba ƙaramin abu ba ne. Dattawa na tuna zaɓen ƙato-bayan-ƙato na zamanin Janar Babangida, lokacin da mutum ke tsayawa a bayan hoton ɗan takara, mai gidan da yake haya da ubangidansa na kasuwa suna kallo. Yau babu mai sanin inda yatsa ya sauka sai mai yatsan, kuma shi ya sa masu sayen ƙuri'a ke matsa wa mutane su ɗaga takarda a gani ko su ɗauki hotonta. Taliya da sabulu da atamfa da 'yan dubban nairori da ake rabawa a lungun bayan makaranta suna da daɗin karɓa ga wanda bai ɗora tukunya ba, kuma ba daidai ba ne mai ƙoshi ya zauna yana zagin mai yunwa. Amma a faɗi gaskiya: abin da aka karɓa ba ya kai mako, kujerar kuwa shekara huɗu ce, kuma wanda ya saye ta da kuɗi ya riga ya biya, ba ya jin akwai sauran bashin kowa a kansa. Dokar 2022 ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12.

Masu cewa ƙuri'a ɗaya ba ta sauya komai, su tambayi Sakkwatawa. A 2019, bayan zagaye na biyu, Aminu Waziri Tambuwal ya tsira da kujerar gwamna da ratar ƙuri'a 342 a zaɓen da aka kaɗa fiye da miliyan ɗaya, adadin da bai kai masu rajista a rumfa ɗaya mai cunkoso ba. A zaɓen shugaban ƙasa ma, yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, tsarin mulki ya ce sai an samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 1979, lokacin jihohi 19, Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, a Kano kuma ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma a kan lissafin ƙuri'un Kano ɗin ne Cif Obafemi Awolowo ya kai shi har Kotun Ƙoli. Saboda haka ko a jihar da gwanin mutum ba zai zo na ɗaya ba, ƙuri'arsa na iya zama wadda ta cika masa kason da yake nema. Wannan zaɓe na 1979 shi ne kuma babban zaɓe na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, shekara 20 bayan 'yan'uwansu na Kudu sun yi a zaɓen tarayya na 1959. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan haƙƙi, kuma akwai tsofaffin mata da ransu a yau waɗanda suka girma suka yi aure ba su da shi.

Bayan mutum ya jefa ƙuri'a yana iya tafiya gida, yana kuma iya komawa gefe ya jira cikin natsuwa. Taken nan da aka daɗe ana yi a Arewa, a kasa, a tsare, a raka, yana da gurbi a doka muddin an yi shi ba da makami ba. Idan na ƙarshe a layi ya gama, shugaban rumfa zai soke takardun da suka rage, ya zazzage akwati a gaban jama'a, ya ware ƙuri'un jam'iyya-jam'iyya, ya ƙirga da babbar murya. Zai rubuta sakamakon a fom mai suna EC8A, ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa nasu su karɓi kwafi, a liƙa wani babban kwafi a bango, a kuma ɗauki hoton fom ɗin da na'ura domin aikawa shafin IReV da kowa ke iya dubawa. Lamba biyu ce mutumin unguwa zai riƙe: yawan waɗanda na'ura ta tantance, da yawan ƙuri'un da aka samu a akwati. Idan ƙuri'u suka fi waɗanda aka tantance yawa, soke akwatin ake yi gaba ɗaya. Wanda ya bari wasu suka yi aringizo don gwaninsa ya ci, ƙuri'arsa da ta maƙwabtansa ya jefa a kwata.

A 2023 an yi ta jiran sakamakon shugaban ƙasa a shafin na IReV bai hau a kan lokaci ba, hukumar ta ce matsalar na'ura ce, kuma wannan ya zubar da yardar mutane da yawa. Fushinsu yana da dalili. Shi ya sa hoton takardar da aka liƙa a bango, wanda kowane mai waya zai iya ɗauka bayan an gama ƙirga, yake da daraja: daga rumfa sakamako ke tafiya mazaɓa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja, kuma idan lamba ta sauya a hanya, da abin da aka rubuta a rumfa ake kama ta a kotu.

Malaman da ke wannan aiki galibinsu matasa ne masu yi wa ƙasa hidima, baƙi a garin, 'ya'yan wasu ne da aka turo daga nesa. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, kuma a jihar Bauci an kashe masu hidimar ƙasa goma da ba su ci zaɓe ba, ba su faɗi ba. Duk unguwar da aka kawo wa irin waɗannan yara, amanarsu na wuyan mai unguwa da liman da dattawan wurin, tun daga saukarsu da safe har a raka su cibiyar tattara sakamako. Iyaye kuma su san inda 'ya'yansu samari suka kwana a daren zaɓe, da wanda ya ba su kuɗi, domin rumfar da 'yan daba suka tarwatsa soke ta ake yi, kuma sunan unguwar ne ke ɓaci, kamar yadda har yau ba a rabu da ambaton mazaɓar Gama ba idan ana maganar zaɓen Kano na 2019.

A shiri na gaba za a duba zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha, da kuma na ƙananan hukumomi, wanda hukumomin zaɓe na jihohi ke gudanarwa ba INEC ba, in ban da na yankin Abuja.